Ku leƙa gidan tarihin Kwastam, 'ya'yana

'Ya'yana na Abbaganaram, magana ce ƙarama nake so mu yi, amma ta daɗe tana ci mini rai. Gidan tarihi na ƙasa yana nan unguwar Kwastam, kusa da ku ƙwarai, ko kuɗin Keke Napep ba sai kun kashe da yawa ba. Ku tambayi kanku tsakani da Allah: mutum nawa ne a cikinku ya taɓa taka ƙofarsa? Baƙo yakan taso daga nesa don ya gani, ɗan gida kuwa kullum wucewa yake yi zuwa kasuwa.

Na san abin da wasu ke faɗa, wai gidan gumaka ne. A'a. Wanda ya adana sirdin kakansa ba bauta masa yake yi ba. Wuri ne na ajiye aikin hannun mutanen da suka riga mu, kuma Barno ba ƙasar da za ta ji kunyar aikin hannunta ba ce. Birnin Ngazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa, an gina fadarsa da jan bulo ƙonanne tun lokacin da garuruwa da yawa ba su san shi ba. Gabaga, wato ƙyallen saƙi na auduga, ya taɓa zama kuɗin ciniki a kasuwannin ƙasar nan. Rubutun Alƙur'ani irin na Barno kuwa, mai kaurin alƙalami da zayyana ja da rawaya, har ƙasashen Larabawa ake kai shi. Akwai wani Alƙur'ani na Barno da aka kammala rubuta shi a 1669, da fassarar tsohon harshen Kanembu a tsakanin layukansa. Su kuma masu haƙa ƙasa, a tudun Daima sun tono 'yan siffofin dabbobi na yumɓu a shekarun 1960. Kwale-kwalen Dufuna ma, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, ya kai shekara 8,000. Yana Damaturu yanzu, amma lokacin da aka gano shi Yobe tana cikin jihar Barno.

In kun je, kada ku yi shiga sharo ba shanu, ku zagaya da waya a hannu ku fito. Ku tsaya gaban abu ɗaya, ko tukunya ce ko kayan doki ko faifai, ku dube shi da kyau. Ina mai aikin ya fara, ina ya ƙare? Da me ya rina? Me ya sa ya ɓata lokacinsa yana ƙawata abin da ko ba ado zai yi amfani? Ku tambayi ma'aikatan wurin, aikinsu ke nan, kuma suna jin daɗin mai tambaya. Ku tafi da yara. Ku ɗauki kaka ma in ƙafarta za ta iya, domin sau da yawa tsohuwa ta fi takardar da aka manna sanin sunan abu da yadda ake amfani da shi ranar biki.

Ni abin da ya fi damuna shi ne kayan da ke cikin ɗakunanmu. Mun ga abin da ya faru. Gobara ta ci Kasuwar Monday a Fabrairun 2023. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga gari har fadar Shehu, kamar yadda ya taɓa yi a 1994. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa. Dukiya ana sake nema, amma tsohuwar rigar kulwu mai aikin allura wadda kaka ya sa ranar hawan salla, ko allon zayyana na saukar mahaifinku, in laka ta cinye su shi ke nan. Saboda haka wanda ruwa ya bar masa wani abu, kada ya yar da shi don ya tsufa, kada kuma ya miƙa wa dillali a kan kuɗin da ba za su kai mako ba. Ku nemi shawarar mutanen gidan tarihi kan yadda ake adana fata da tufafi da takarda. In iyali sun amince a ba su ajiya ko kyauta, a yi a rubuce, da shaida. In ba ku bayar ba, to ku ɗauki hoto, ku rubuta wanda ya yi abin da garinsu, tun masu sani suna raye.

Kada kuma ku manta da masu aikin da ke numfashi. Tun da rikici ya koro mutanen Bama a 2014, maza da mata da yawa da allura da zare suka riƙe kansu a garin nan, suna ɗinka hula. Hula ɗaya mai kyau takan ci makonni. In za ka saya, ɗana, kada ka yi ta taya ta kamar kana cinikin tumatir da yamma. Haka masu haɗa turaren wuta da humra, da dukawa, da marubuta. Abin da za a nuna wa jikokinku a hannun waɗannan yake yau.

Ba na ce ku tara miliyoyi ba. In an ce a biya wani abu a ƙofa, ku biya da daɗin rai, ku sa hannu a littafin baƙi, domin hukuma wurin da mutane ke zuwa take kula da shi. Malaman makarantun boko da na Islamiyya su shirya wa ɗalibai ziyara ko sau ɗaya a zango. Ranar 18 ga Mayu ce ranar gidajen tarihi ta duniya, amma kada ku jira ta. Ku zaɓi rana a makon nan, ku kama hannun ƙannenku ku je.