Tari da Haki: Abin da Taba Take Bari a Huhu

Ƴan uwa manoma, a Hamdara da sauran ƙauyukan Mirriya mun san magidancin da ba ya kai ƙarshen kunya ɗaya sai ya tsaya yana haki. Mukan ce tsufa ne. Sau da yawa kuwa aikin taba ne.

Iskar da muke shaƙa tana bin ƙananan hanyoyi kafin ta isa cikin huhu. A cikin hanyoyin akwai gashi ƙanana ƙwarai masu share ƙura. Hayaƙin taba yana lalata gashin nan, yana sa hanyoyin su kumbura. In sun kumbura sai su tsuke, majina ta taru, iska ta kasa fita sosai. Daga nan tarin asuba da kaki da haki suke farawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan cuta ta kashe mutum miliyan 3 da rabi a shekarar 2021.

Abin lura shi ne, kumburin ba ya ƙarewa ranar da mutum ya bar taba. Ga wanda cutar ta riga ta kama, yana iya daɗewa shekaru. Huhun da ya lalace ba ya komawa sabo. Amma barin taba yana rage tari, yana kuma hana cutar saurin ci gaba.

Saboda haka, ga abin da ya kamata mu yi:

1. Mai shan taba ya daina yau, ko shekarunsa nawa.
2. Wanda ya daina ya guji hayaƙin itace da zama kusa da masu sha.
3. Mu rufe hanci da baki lokacin sussuka da shiƙa, da ranar hazon hunturu.
4. Tarin da ya wuce mako 2, mu kai shi likita a auna kaki, domin tarin fuka ma haka yake farawa.
5. In haki ya tsananta, ko kaki ya sake launi, kada mu jira. Ma'aikacin lafiya zai ba da magani, ko ya tura mu babban asibitin Damagaram.

Tun shekarar 2006 dokar Nijar ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a. Amma doka ba ta shiga zaurenmu. Can, mu ne masu tsaron huhunmu da na ƴaƴanmu.