Amanar Ƙasa: Darasi a Kan Raya Gonar da Ta Gaji

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya saukar da ruwan sama, Ya fitar da abincin mutum da na dabba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, wannan darasi ne a kan ƙasar noma: abin da ke gajiyar da ita, da abin da ke raya ta, da haƙƙoƙin da ke tsakanin ƴan'uwa a kanta. Mafi yawan masu zama a zawiyoyin Maraɗi da Damagaram da Tawa manoma ne ko ƴaƴan manoma. Kowane ɗayansu ya san gonar da a zamanin kakansa ake ɗaure dammunan da ke cika rumbu, yau kuwa hatsinta ba ya kai iyali bazara. Idan rumbu ya ƙare da wuri, samari su tafi cirani, maigida ya shiga bashi, almajiri ya bar allo ya tafi neman abin da zai ci. Saboda haka sanin halin ƙasa yana cikin ilimin da ɗan'uwa manomi ba ya wadatuwa da barinsa.

Matsayin raya ƙasa a Shari'a

A cikin Suratu Hudu, a ƙissar Annabi Salihu (AS), an tunatar da mutane cewa daga ƙasa Allah Ya fitar da su, kuma Ya ɗora musu aikin raya ta. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik (RA) hadisin da ke nuna cewa Musulmin da ya yi dashe ko shuka yana samun ladar sadaka a kan duk abin da aka ci daga gare su, ko mutum ne ya ci, ko tsuntsu, ko dabba. Imamu Malik kuma ya kawo a cikin Muwaɗɗa wasiyyar da Sayyidina Abubakar (RA) ya yi wa kwamandan rundunar da ya aika Sham, inda ya hana saran itatuwa masu ƴaƴa. Abin da aka hana wa mayaƙi a ƙasar abokan gaba, yaya za a halatta wa manomi ya yi shi a banza a gonar ubansa?

A littattafan fiƙihu akwai babi na musamman mai suna Ihya'ul Mawati, wato raya matacciyar ƙasa. Malaman Malikiyya sun lissafa haƙa rijiya da dasa itatuwa da kafce ƙasa cikin ayyukan da ake raya fili da su. Sun kuma ce filin da ke kusa da gari sai da izinin shugaba, domin kada wani ya kame makiyayar jama'a ko wurin da suke samun itacen girki. Tun farko ke nan an haɗa abu biyu: a gyara ƙasa, kuma a kiyaye haƙƙin wasu.

Abin da ke gajiyar da gona

Yawancin gonakin kudancin Nijar jigawa ce. Rairayi ba ya riƙe ruwa, ba ya riƙe taki. Abin da ke ba shi ƙarfi shi ne ruɓaɓɓen ganye da kara da kashin dabbobi da suka narke a cikinsa, kuma wannan kaso a jigawar yankin bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Masu binciken noma sun tabbatar cewa sinadarin fosfor na cikin abin da wannan ƙasa ta fi ƙaranci da shi, sai kuma azot. Duk damen da aka ɗauke daga gona ya tafi da wani abu na waɗannan sinadarai. Idan ba a mayar ba, shekara kan shekara, sai ƙasa ta ƙare kamar rumbun da ake ɗiba ba a zubawa.

A da, manoma suna da magani biyu. Na farko shi ne saura: a bar gona ta huta shekaru, sabara da kalgo da gamba su rufe ta. Na biyu shi ne zaman makiyaya: bayan kaka Bafillace ya sauke garkensa a gona, dabbobi su ci kara su bar taki, manomi ya ba shi hatsi. Yau jama'a ta ƙaru. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar, ta 2012 kuwa ta sami fiye da miliyan 17. Gonar gado da aka raba sau biyu ko uku ba ta da ɓangaren da za a bari ya huta. Kara ma ya zama abin sayarwa, ana kwashe shi kaf domin dabbobin gida da danni da girki.

Gonar da aka bari tsirara tun daga kaka har saukar ruwa, iskar hunturu ce ke kwashe lallausan samanta, wanda shi ne mafi albarka. Iskar da ke zuwa gaban ruwan farko kuma ta binne tsiron hatsi ko ta yanke shi da rairayi, har mutum ya sake shuka sau biyu ko uku. Inda ƙasa ke da laka, sai ta daskare ta zama faƙo, ruwa ya bi ta kai ya wuce yana yanka kwazazzabai. Yawan ƙuduji a gona ma alama ce ta gajiyar ƙasa.

Sassaben zamani

Bayan farin 1973 an kashe dukiya mai yawa wajen dasa itatuwan da aka reno a leda, amma kaɗan suka rayu. A 1983, wani masanin noma ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki da wata mishan a Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne na kututturan tsofaffin itatuwa, kuma saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Tohon da ke da tsohuwar saiwa ba ya bukatar ban ruwa, abin da yake bukata shi ne a daina sare shi. A lokacin yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da barin itatuwa a gona. Da aka daina rabon, mutane da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga amfani da idonsu, maƙwabta kuma suka yi koyi da su. Wannan aikin ne ake kira sassaben zamani.

Yadda ake yin sa ba shi da wuya. Lokacin sassabe manomi ya zagaya gonarsa ya zaɓi kututturan da yake so. A kowane ɗaya ya bar tohon da suka fi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya cire sauran. Waɗanda ya bari ya rage musu rassan ƙasa har zuwa rabin tsayinsu, da makami mai kaifi, yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Ya ɗaura musu tsumma domin mai wucewa ya san da mai su. A farkon aikin a Maraɗi an fara da neman itatuwa 40 a hekta ɗaya, daga baya wasu manoma suka wuce haka da nisa. Rassan da ake ragewa kowace shekara su ne itacen girkin gida, sai matan gida su huta da doguwar tafiya daji.

A cikin itatuwan gona babu kamar gawo. Allah Ya yi shi saɓanin sauran: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen kuma ya ruɓe a gindinsa daidai lokacin da shuka ke bukata. Da rani sai ya yi kore, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin ƴaƴansa suna zuba taki. Yana kuma cikin itatuwan da saiwarsu ke ƙara wa ƙasa azot. Manoman Matamai da Magarya da Mirya sun daɗe da sanin haka, kuma gonakinsu na cikin wuraren da gawo ya fi yawa a ƙasar.

Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na baya sun ƙiyasta cewa wannan aiki ya kai kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, kuma mafi yawansu manoma ne suka reno su da hannunsu. Doka ma ta taimaka. A da mutane na ɗaukar kowane icce na hukuma ne, suna tsoron tarar ma'aikatan gandun daji, shi ya sa suke gwammace su sare shi tun yana ƙarami. Dokar gandun daji ta 2004 ta fara sassauta lamarin, a 2020 kuma gwamnati ta fitar da doka ta musamman a kan itatuwan da manomi ya reno a gonarsa.

Tassa da rabin wata

Inda ƙasa ta riga ta zama faƙo, kamar tuddan Adar, akwai wata dabara. A 1989 wasu manoman Illela suka ziyarci Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake gina ramuka a ƙasa mai tauri ana zuba taki. Da suka dawo suka gyara tsohuwar tassa da suka sani. Da rani ake gina ramin, faɗinsa kamar santimita 20 zuwa 30, zurfinsa kamar 15 zuwa 20, a tara ƙasar da aka fitar a gefen gangare domin ta tare ruwa. A zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara ta zo cin takin, ta huda ƙasa da hanyoyinta, ruwan farko ya taru a ramin ya nutse. Irin itatuwan da ke cikin kashin dabbobi ma yakan tsiro a nan. Aikin ya yi tasiri a yankin Illela da Badagishiri har mutane suka fara sayen faƙon da a da ko kyauta ba a so. Rabin wata kuwa rami ne mai faɗi da ake buɗe bakinsa ta inda ruwa ke gangarowa, jeren duwatsu kuma yana rage gudun ruwa ya tare ƙasar da ya ɗauko. Tassa aiki ne mai cin ƙarfi, shi ya sa ta fi dacewa da gayya.

Taki da haɗa shuka

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙasar da ba a ba ta ba, ba za ta bayar ba. Takin gida ya fi amfani idan an tara shi a rami tare da shara da toka da ragowar kara, ana yayyafa ruwa ana juyawa har ya ruɓe, maimakon a zube shi a fili rana ta ƙone shi. Wanda bai da halin sayen buhun takin zamani, masu binciken cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai sun nuna cewa ɗan kaɗan a kowane ramin shuka, kamar giram 6 na NPK, wato cikin marfin kwalbar lemo, yana ƙara amfani ƙwarai. Sai dai takin zamani shi kaɗai ba ya gyara jikin ƙasa, dole a haɗa shi da na gida. Wake da gyaɗa suna ƙara azot, don haka a riƙa haɗa su da hatsi ko a yi musu juyi. A kuma bar wani kaso na kara a kwance a gona, musamman inda iska ta fi ci, kuma a daina ƙona shara a gona sai da larura.

Haƙƙoƙin da ke tsakanin ƴan'uwa

Abin da ya fi kashe gwiwar mai sassaben zamani shi ne ya reni icce shekara uku, wani ya bi dare ya sare. Wanda ya yi haka ya ci haƙƙin ɗan'uwansa, kuma yawan wuridi ba ya sauke haƙƙin mutane sai an mayar ko an nemi yafiya. Mutanen Ɗan Saga a yankin Agye sun yi suna wajen kafa kwamitocin tsaron itatuwa, inda aka sa maza da mata da makiyaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jama'ar da ke haɗuwa kullum wajen wazifa ta fi kowa sauƙin yin irin wannan alkawari da cika shi.

Wanda aka ba aron gona ko jingina, amana ce a hannunsa, bai dace ya tsotse ta ya mayar da ita faƙo ba. Mai gonar kuma kada ya jira sai ɗan'uwansa ya zuba mata taki ta farfaɗo sannan ya ce a ba shi abinsa. A yi magana tun farko a gaban shaidu, a faɗi shekarun aro da makomar itatuwan da za a reno. Manomi kada ya cinye burtali ko ya toshe hanyar mashaya, makiyayi kuma kada ya shiga gona kafin a kwashe amfani, ko ya sassare gawo har ya kashe shi. Idan Allah Ya ba da albarka har amfani ya kai nisabi, wato wusƙi 5, daidai da sa'i 300, to a fitar da zakka: ɗaya cikin goma ga noman ruwan sama, rabin haka ga abin da aka shayar da wahala.

Malamai masu gonaki da almajirai suna da babban rabo a nan, domin abin da aka gani a gonar malam shi ake kwaikwaya. Almajirin da ya koyi zaɓen toho da gina tassa tare da karatunsa zai koma garinsu da ilimi biyu. Dattijon da ya bar ɗan gawo a gonarsa yana iya rasuwa bai zauna a inuwarsa ba, amma jikokinsa za su ci hatsin gindinsa, ladar kuma ta riske shi a kabari in Allah Ya yarda. Dogaro ga Allah ba ya hana riƙo da sababi. Ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi inda Ya so, amma gyara wurin da ruwan zai sauka aikin bawa ne, kuma za a tambaye shi a kansa.

Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya kare gonaki daga fari da fara da tsutsa, Ya sanya zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya, Ya jiƙan magabatan da suka bar wa na baya ƙasa mai rai, albarkar Annabi Muhammadu (SAW). Amin.