Amsoshin Tambayoyinku: Shin Zogale Yana Ƙara wa Dabba Jini?

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wata mai karatu da ke unguwar Sabon Gari a birnin Maraɗi. Ga abin da ta rubuto: "Kawu, ina gaisuwa. Ina kiwon jajayen awaki huɗu da rago ɗaya a cikin gida. Tun ƙarshen damina wata akuyata ta rame, ba ta da kuzari, nononta ya ragu. Maƙwabciyata ta ce jininta ne ya yi ƙasa, in riƙa ba ta zogale. Yau mako uku ina sayen zogalen Jiratawa ina ba ta, amma ban ga canji ba. Da gaske ne ganyaye suna ƙara wa dabba jini, ko zance ne kawai?"

Ina amsawa, ɗiyata, kuma na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai. Abu biyu kike son sani: ko abincin da ake samu daga tsirrai yana gyara jinin dabba, da kuma dalilin da ya sa taki akuyar ba ta farfaɗo ba. Maƙwabciyarki ba ta faɗi ƙarya ba, sai dai maganarta tana da saura.

Mu fara da jinin kansa. A cikinsa akwai ruwa, akwai fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, akwai kuma jajayen ƙwayoyi masu dakon iska daga huhu zuwa dukkan gaɓoɓi. Abin da ke ba su launin ja shi ake kira himogulobin, wani sinadari mai ɗauke da ƙarfe a cikinsa. A cikin ɓargo ake ƙera waɗannan ƙwayoyi, kowace ta yi aikin wata huɗu zuwa biyar sannan ta mutu a maye gurbinta. Idan malamin dabbobi ya ɗebi jinin lafiyayyar akuya ya auna, jajayen ƙwayoyin kan kama kashi 22 zuwa 38 cikin ɗari na jinin. In suka faɗi ƙasa da haka, shi ne ake cewa dabba tana da ƙarancin jini.

Ɓargo kamar magini yake, ba ya gini sai an kawo masa kayan aiki. Babban kayan aikinsa shi ne furotin, wato sinadarin gina jiki, sai ƙarfe, sai ɗan tagulla da wani ma'adini mai suna kobal, waɗanda kaɗan ake bukata amma dole ne. Duk daga abinci suke fitowa. A nan ne karan gero da busasshiyar ciyawar rani suke gazawa, domin suna cika tumbi amma furotin ɗinsu kaɗan ne. Shi kuwa busasshen ganyen zogale, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne, ga ƙarfe, ga bitamin. Saboda haka akuyar da yunwar rani ta ramar, in ta samu zogale, jininta yakan gyaru. Wannan gaskiya ne.

Amma ba zogale kaɗai ke da wannan baiwa ba, kuma a Maraɗi abincin mutane ne mai tsada, wanda ake kwaɗonsa a ci. Harawar wake da ta gyaɗa, kowar wake, dusa, tunkuza, da ƴaƴan gawon da ke zuba a rani a gonakin Tibiri da kewaye, duk suna ɗauke da kayan gina jini. Harawar da aka shanya a inuwa ta riƙe korenta ta fi wadda rana ta ƙone. Dabarar ita ce haɗawa: kara ko ciyawa don cika ciki, harawa don gina jiki, ɗan dusa don ƙarfi, zogale kamar cikin tafin hannu a matsayin ƙari. Duk sabon abinci kuma a fara shi kaɗan-kaɗan, domin tumbin dabba yana bukatar kwanaki kafin ya saba.

To, me ya sa taki ba ta farfaɗo ba? Lokacin da kika ambata, wato ƙarshen damina, shi ya fi jan hankalina. A wannan lokaci babban ɓarawon jinin awaki da tumaki shi ne wata siririyar tsutsar ciki da masana ke kira Himonkus. Ƙwanta yana fita cikin kashin dabba, ya ƙyanƙyashe a danshi, ƴaƴan su hau ganyen ciyawa. Ko akuyar da ba ta fita kiwo tana iya ɗaukarta daga ɗanyar ciyawar da ake yankowa a bakin Gulbin Maraɗi. Tsutsar takan maƙale a ɓangaren ƙarshe na cikin dabba tana tsotsar jini. Guda dubu suna iya shanye kimanin mililita 50 a rana, wato kwatankwacin ƙaramin kofin shayi, kullum ba hutu. Ki dubi tulu mai huda a gindi: komai yawan ruwan da kika zuba, ba zai cika ba sai an toshe hudar. Kaska da tsutsar hanta su ma haka suke yi wa jini.

Ga gwajin da za ki iya yi yau ba tare da kashe ko dala ba. Ki fito da akuyar cikin haske, ki ja fatar idonta ta ƙasa a hankali, ki dubi cikinta. In ja ce sosai, jini ya wadata. In ta koɗe, jini ya fara ƙasa. In ta yi fari fat, musamman in akwai kumburi mai laushi a ƙarƙashin haɓa, abin ya yi nisa, a nemi malamin dabbobi a ranar. A Afirka ta Kudu aka tsara wannan hanya, aka yi mata kati mai launuka biyar da ake kira FAMACHA, kuma yau makiyaya a ƙasashe da dama suna aiki da shi. Ki gwada idon sauran awakin ma, za ki ga bambancin da idonki.

Idan tsutsa ce, maganin tsutsa ne farko, abinci mai kyau ya biyo baya. A bar wa malamin dabbobi zaɓen magani da auna shi daidai nauyin dabbar, domin wasu magungunan ba a ba akuya mai sabon ciki, wasu kuma sai an dakata da shan nonon na ƴan kwanaki. Bayan magani sai haƙuri, domin ɓargo yakan ɗauki makonni, wani lokaci fiye da wata guda, kafin ya mayar da abin da aka rasa. A nan ne zogalenki zai nuna amfaninsa.

Wasu kan ce ganyaye masu bauri suna kashe tsutsa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Baurin nan da ke kama harshe sunansa tanin, shi ne majema ke nema a cikin bagaruwa don jimar fata, kuma bincike ya nuna yana rage ƙarfin tsutsar ciki. Sai dai ragewa yake yi, ba ya gamawa da ita, kuma in ya yi yawa yakan ɗaure furotin da ƙarfe ya hana jiki amfana da su. Ita ma kanwa tana buɗe wa dabba ci, amma ba ta ƙera jini.

Kada kuma a ɗauka duk abin da ya tsiro a ƙasa ba ya cutarwa. Albasa mai yawa tana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, shanu suka fi saurin kamuwa, amma awaki da tumaki ma ba a cika musu ita. Gyauron dawa, musamman wanda fari ya taɓa, yana ɗauke da gubar da ke hana jiki amfani da iskar da jini ya kawo, har dabba ta faɗi cikin ɗan lokaci. Angurya tana da amfani ga manyan dabbobi in an auna, amma tana da wani sinadari mai cutar da ƴan awaki da kaji. Tunkuza ko dusar da ta yi funfuna tana lalata hanta, a zubar da ita. Game da ragonki kuma, kada ki ba shi gishirin lasa da aka haɗa don shanu, domin tagullar da ke cikinsa takan taru a hantar tunkiya, daga baya ta farfasa jini har fitsari ya koma ja.

Jar akuyar Maraɗi dukiya ce da fatarta ta yi suna har Turai, tana yawan haifar tagwaye, kuma tun 1963 aka buɗe cibiya a Maraɗi don kula da irinta. Uwa mai shayar da ƴaƴa biyu ta fi kowa bukatar jini, ta kuma fi kowa saurin faɗawa hannun tsutsa. Don haka ki riƙa share turke, ki ɗaga abinci daga ƙasa, ki shanya ɗanyar ciyawar fadama kafin ki ba su, ki kuma duba idonsu duk bayan mako biyu a damina da kaka.

Kada ki daina ba ta zogale, ɗiyata, amma yau ki duba idon akuyar nan, sannan ki kai ta wurin malamin dabbobi. Allah ya ba ta lafiya, ya sa albarka a garkenki.