Kafin Ka Sayi Feshin Baki

Ɗana, 'yan kwalaben nan na feshin baki sun fara yawa a kemis-kemis, kuma na ga matasa na saye suna jefawa a aljihu. Ban hana ka ba. Sai dai ina so ka san abin da kake saye, domin iri biyu ne, kuma mai kemis ba lallai ya tsaya ya bambance maka ba.

Mu fara da yawu, wannan abu da muke tofarwa ba tare da mun ɗauke shi a bakin komai ba. Baligi mai lafiya yana samar da tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kowace rana. Shi ke wanke ɓurɓushin abinci, shi ke rage tsamin da ke cin haƙori, shi ke hana ƙwayoyin cuta yin kaka-gida. Ƙwayoyin nan sun fi son can bayan harshe da ƙarƙashin dasashi, inda iska ba ta isa sosai. A nan suke ruɓar da abin da ya maƙale, su fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kamar kwata ce: muddin ruwa na gudana ba ka jin komai, ranar da ya tsaya kuwa sai unguwa ta ɗauka. Shi ya sa kowa, har mai tsafta, yake tashi da wari da asuba, don yawu yana raguwa ƙwarai lokacin barci.

To, feshi na farko turare ne kawai. Ƙamshin na'a-na'a ne, sau da yawa a cikin sinadarin alkohol, wanda shi kansa yana ƙara busar da baki. Ka fesa, ka yi minti kaɗan kana ƙamshi, warin ya dawo. Na biyun shi ne wanda aka yi don jiƙa baki, irin su Biotène. A cikinsa akwai gilisarin da wasu sinadarai masu yauƙi da ke lulluɓe harshe da ganda su riƙe damshi, wasu kuma da zailitol, wani zaƙi da ƙwayoyin da ke ɓata haƙori ba sa iya ci. Wannan yana da amfani na gaske ga tsohon da tuwo ke maƙale masa a ganda, da mai haƙoran roba, da wanda aka yi wa gashin cutar daji a wuya ko a ka har hanyoyin yawunsa suka lalace. Amma aikinsa na ɗan lokaci ne, sai an yi ta maimaitawa, kuma ba ya sa jiki ya ƙara yin yawu. Idan za ka saya, juya kwalbar ka karanta: babu alkohol, babu sukari, akwai lambar NAFDAC.

Abin da ya fi damuna shi ne mutum ya yi ta fesawa bai taɓa tambayar me ya busar da bakin ba. Wani lokaci abin a fili yake. Hunturu ya shigo, hanci ya toshe, mutum ya kwana yana shaƙar iska ta baki. Ko direba ne da ke yini a hanya, goro a kunci, sigari a hannu, ba ya shan ruwa don kada fitsari ya tsayar da shi. Wani lokacin kuma magani ne. Piriton da ake sha don mura yana busar da baki, haka wasu magungunan hawan jini, musamman masu sa yawan fitsari, haka tiramadol da kodin, Allah ya shirya mana yaranmu. Idan kuwa bushewar ta zo da ƙishirwa mai tsanani, da tashi fitsari sau da yawa cikin dare, da rama, to ka ajiye kwalbar feshi ka je a auna maka sukari.

Mutanenmu suna saurin ɗora wa ciki laifi, ka ji ana cewa olsa ce. Yakan faru, amma a mafi yawan masu warin baki, a cikin bakin warin yake: kogon haƙori, dasashi mai zubar da jini, ko farin dattin da ya kwanta a bayan harshe. Babu feshin da zai cike kogo. Wannan aikin likitan haƙori ne. Harshe kuwa naka ne, ka riƙa kankare shi a hankali har can baya, safe da dare, ko da buroshi ko da asuwaki. Ka bar jefa alewa a baki don ɓoye wari, sukari a busasshen baki shi ne mafi saurin rarake haƙori. Cingam marar sukari ya fi, don tauna kanta tana tsokano yawu. Kanumfarin da iyayenmu mata ke taunawa ma ba laifi.

Ga mai azumi, ka tambayi malaminka kafin ka fesa komai da rana, tunda abin yana iya wucewa maƙogwaro. Ka sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur, ka rage shayi mai kauri, ka wanke baki bayan sahur kafin ka koma barci.

Idan ka je asibiti, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka tattara duk magungunan da kake sha, har da na gargajiya, ka zube su a gaban likita. Kada ka dakatar da maganin hawan jini da kanka don bakinka ya bushe. Likita na iya canja maka wani, ko ya sauya lokacin da kake sha, feshin kuma ka riƙe shi a gefen gado don tsakar dare, lokacin da harshe ya fi manne wa ganda.