Yadda Ake Rage Tumbi da Azumi da Ɗaga Ƙarfe da Yamma

Manomin da ya wuni yana huɗar masara a Doguwa ba ya buƙatar wannan bayani, garma ta riga ta yi masa aikin. Masu buƙatarsa su ne waɗanda zama ya zame musu sana'a: mai shago a Kwanar Ɗangora, direban da ke ratsa dajin Falgore tsakanin Kano da Jos, dillalin shinkafa a Tudun Wada, ma'aikacin sakatariya a Bebeji ko Kiru. Shekaru sun doshi arba'in, ruku'u ya fara zama aiki, abokai na tsokana da "Alhaji, kuɗi sun zauna." Shi kuwa tumbi ba ya zuwa shi kaɗai, sau da yawa hawan jini da ciwon sukari suna biye da shi.

A shekarar 2012 wani likita ɗan Ingila, Michael Mosley, ya yi shiri a talabijin na BBC wanda ya yayata tsarin cin abinci kamar kullum kwana biyar a mako, a ƙuntata ci sosai a sauran kwana biyun. Bahaushen da ya saba da azumin Litinin da Alhamis sai dai ya yi murmushi. Masana sun bi sawun lamarin. A Italiya, a 2016, an raba maza 34 da suka saba da ɗaga ƙarfe gida biyu na tsawon mako takwas. Waɗanda suka tattara cinsu na kullum cikin awa takwas sun rage kitse, tsokarsu kuma ba ta zube ba. A 2022 kuma, a birnin Guwanzu na ƙasar Sin, an bi masu ƙiba 139 shekara guda, aka ga cewa idan an rage yawan abincin daidai wa daida, taƙaita lokacin ci bai kawo wani bambanci na a zo a gani ba. Ma'ana, azumi hanya ce ta rage loma. Wanda ya kame baki da rana ya rama da dare, wahala kawai ya sha. Aikin ƙarfe kuma shi ne ya tilasta wa jiki ya ƙona kitse ya bar tsoka.

Mataki na farko: auna kanka

Sami zare, ka yanke shi daidai tsayinka, ka ninka shi biyu, ka zagaya cikinka ta saitin cibiya ba tare da ka shanye ciki ba. Idan bakin zaren ya haɗu, kana kan iyaka. Idan ya gaza, tazarar da ta rage ita ce aikin da ke gabanka, domin ƙa'idar ita ce kada zagayen ciki ya wuce rabin tsayin mutum. Sannan ka hau sikeli, ko da na masu awon shinkafa ne, ka rubuta nauyinka da kwanan wata. Ka biya asibiti ko kemis a duba maka jini da sukari kafin ka taɓa ƙarfe.

Mataki na biyu: zaɓi irin azumin

Iri biyu ne, kuma kada a cakuɗa su. Na farko kame baki ne daga abinci kawai, ba ibada ba ne, ana shan ruwa. Ka gama cin dare kafin ƙarfe tara, ba za ka sake tauna komai ba sai ƙarfe ɗaya na rana. Awa 16 ke nan, kusan rabinsu kana barci. A tsakani akwai ruwa, da shayi ba sukari ba madara. Hikimar ita ce hanta na ajiye sukarin da jiki ke ja idan ba a ci ba, bayan kamar awa goma sha biyu ajiyar ta yi ƙasa, sai jiki ya ƙara karkata ga kitse. Kada ka faɗa wa awa 16 rana ɗaya. Yi mako guda kana karyawa ƙarfe tara, mako na biyu sha ɗaya, na uku ka kai ɗaya.

Na biyu shi ne azumin da muka sani, na Ramadan ko na nafila, daga alfijir zuwa faɗuwar rana, awa goma sha uku zuwa sha huɗu a ƙasar Kano, babu ci babu sha. Wannan don Allah ake yin sa, niyyarsa ta tsaya a haka. Raguwar tumbi in ta zo, gyara ce a kan ciniki.

Mataki na uku: haɗa kayan aiki

Ba sai ka je Kano neman gidan motsa jiki ba. Nemo gwangwanin fenti biyu masu girma ɗaya da bututun ƙarfe mai kauri wanda ya kusa tsayinka. Mai walda ya lanƙaya gajeren rodi a gicciye a kowane bakin bututun, don kada siminti ya suɓuce ya faɗo maka a ƙafa. Kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa, ka cika gwangwani ɗaya, ka kafa bututun a tsakiyarsa a miƙe. Sai ya kama sannan ka juya ka zuba ɗaya gefen. Ka yi mako guda kana yayyafa masa ruwa kamar yadda ake yi wa bulo, sannan ka auna shi a sikeli don ka san abin da kake ɗagawa.

Jarka ma ta fi sauƙi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 25 tana ba ka duk nauyin da kake so, daga kilo biyar har ta cika. Mata ma za su iya aiki da ita a tsakar gida, kuma kada su ji tsoron yin ƙwanji irin na 'yan dambe, halittar jikin mace ba ta saurin tara tsoka haka.

Mataki na huɗu: tsayar da lokaci

Kwana uku a mako sun isa, da hutu a tsakaninsu, domin a lokacin hutu tsoka ke ginuwa. Mai azumin Litinin da Alhamis ya ɗauki Lahadi da Talata da Juma'a, babu ranar da za ta ci karo da azuminsa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan La'asar sakaliya, wajen ƙarfe biyar, rana ta yi sanyi, abincin rana ya faɗa, a gama kafin kiran Magariba.

A Ramadan tsarin yana sauyawa. Ka buɗa baki da dabino da ruwa da ɗan abu mara nauyi, ka ɗaga ƙarfen bayan Asham, sannan ka ci babban abinci. Ɗaga nauyi da ƙishirwa a zafin Maris da Afrilu neman jiri ne da wahalar da ƙoda.

Mataki na biyar: motsin kansa

Fara da minti biyar na sassarfa da juya kafaɗu da ƙugu har jiki ya ɗau ɗumi. Sannan motsi biyar:

1. Tsuguno. Rungume jarka a ƙirji, ka tsuguna kamar mai shirin alwala, dugadugai a ƙasa, ka miƙe.
2. Ɗagowa daga ƙasa. Ƙarfe na gaban ƙwabrinka, ka tura ƙugu baya, gadon baya a miƙe, ka tashi da ƙarfin cinya. Duk wanda ya gantsare ko ya yi doro a nan, bayansa zai gaya masa.
3. Tura ƙasa. Ka kifa ciki, ka dafa ƙasa da tafuka, ka ɗago jiki gaba ɗaya kamar katako.
4. Jawowa. Ka sunkuya ka jawo jarka zuwa haƙarƙari, ko ka kama reshe mai ƙwari ka ɗago kanka.
5. Tafiyar ɗan garuwa. Jarka a kowane hannu, taku talatin ka dawo.

Kowane motsi sau takwas zuwa goma sha biyu, a huta minti ɗaya ko biyu, a maimaita zagaye uku. Nauyin da ya dace shi ne wanda biyun ƙarshe za su sa ka cije leɓe ba tare da tsayuwarka ta karkace ba. Ranar da sha biyu ta zo da sauƙi, ƙara lita biyu. Ka riƙa fitar da numfashi lokacin ɗagawa, riƙe shi yana harba jini sama. Minti arba'in sun wadatar. Kwanakin farko cinya za ta yi tsami har zaman tahiya ya gagara, bayan kwana biyu ko uku ta sake.

Mataki na shida: abin da ke shiga kwano

A nan yawancin mutane ke faɗuwa, wato cin ramuwar gayya. Kunu mai sukari, ƙosai, soyayyen dankali, lemon kwalba, sannan malmala uku, a rufe da shayi mai kauri a teburin mai shayi. Babban cokali ɗaya na mai yana ɗauke da kalori wajen 120, kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa ya kai kalori 7,700. Lomar minti biyar tana iya cinye gumin yamma guda.

Mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar furotin, abincin gina tsoka, kimanin giram 1.6 ga kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 80 zai nemi kusan giram 130 a rana. Ƙwai ɗaya na ba da giram shida, giram 100 na kifi wajen ashirin, ɗanyen wake giram 100 ya ɗara ashirin. Yankinmu bai rasa ko ɗaya ba: karfasa da tarwaɗa daga madatsar Tiga, kindirmon Fulanin Falgore, wake, waken suya, gyaɗa. Sai dai a kula da girki. Gasasshen kifi ya fi soyayye, alale ya fi ƙosai, awara ta fi amfani a cikin miya da a cikin kaskon mai, nono kuma a sha shi ba tare da an zazzaga masa sukari ba.

Ka raba kwanon haka: rabi ganye, kamar kwaɗon zogale ko rama ko kabeji, kwata abin gina jiki, kwata tuwo ko shinkafa. Ba a ce ka bar tuwo ba, malmala ɗaya a maimakon uku, kuma babban cinka ya biyo bayan ƙarfe. Rake da mazarƙwaila su koma na marmari. Koyarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi, ta ishi mai hankali ma'auni.

Mataki na bakwai: ruwa, barci da bibiya

Fitsari shi ne alama: idan ya yi ja, ruwa ya yi ƙaranci. Barci kada ya gaza awa bakwai, domin wanda ya raba dare a majalisa ko a kan waya yunwa ta fi damunsa washegari. Ka hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin ka ci komai. Rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau. Idan nauyi na zuba da sauri kuma jarkar da ka saba ɗagawa ta fara gagararka, tsoka kake asara, ƙara abinci. Idan mako uku sun wuce babu motsi a sikeli babu a zare, rage mai da tuwo kaɗan, ka ƙara tafiyar ƙafa zuwa masallaci da kasuwa. Da damina, duk ranar da ka wuni a gona, ka bar ƙarfe ya huta.

Waɗanda za su dakata

Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allura, mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai sikila, mai gwaiwa, da wanda hawan jininsa bai daidaita ba, duk sai da izinin likita. Mai juna biyu, mai shayarwa da yaro mai tasowa, wannan tsari ba nasu ba ne. Jiri, ciwon ƙirji ko duhun gani na nufin a ajiye ƙarfe nan take. Magungunan narka tumbi da ake talla a lasifika ranar kasuwa, da allurar kumbura ƙwanji, a bar su inda aka gan su.

Zaren nan na ranar farko, ka rataye shi a ƙusa a bayan ƙofa. Duk farkon wata ka ɗauko ka zagaya, ka ga yatsa nawa suka rage. Ranar da bakinsa ya haɗu, ka sassauta azumin in ka so, amma jarkar ta ci gaba da aiki Lahadi da Talata da Juma'a. Sai kuma ka kai wandunanka wajen tela ya rage musu ƙugu.