DA WACE TIYA ZA MU AUNA?

Karatu: Ayyukan Manzanni 17:10-12, 1 Yohanna 4:1-6

Ya kai mai karatu, a ce ka kai hatsi kasuwar Dakoro, mai saye ya ɗaga buhun ya ce, "Na ji a jikina tiya 30 ne." Za ka yarda? A'a. Za ka ce a kawo tiya a auna a gaban kowa. Watakila mutumin ba macuci ba ne, amma hannu yakan ruɗe. Haka ma zuciya.

Sau da yawa mukan ji wani ya ce, "Allah ya yi mini magana a mafarki," ko kuwa, "Na ji a zuciyata." Da irin wannan magana magidanci yana iya rabuwa da matarsa, ko ya kwashe irin shuka ya ba mai kiran kansa annabi, ko uwa ta ƙi kai ɗanta likita. To, da me za mu auna?

1. RUHU YANA BISHE MU

Kada mu yi kuskure. Ruhu Mai Tsarki yana bi da masu bi. Shi ne ya hana Bulus shiga wata ƙasa, aka kuma kira shi zuwa Makidoniya ta wurin wahayi da dare (Ayyukan Manzanni 16:6-10). Amma ba kowane motsi na zuciya ne daga Allah ba. Irmiya 17:9 ya faɗakar da mu a kan yaudarar zuciya, Yohanna kuma ya ce a gwada ruhohi.

Dubi mutanen Biriya. Manzo Bulus da kansa ne ya yi musu wa'azi, duk da haka kowace rana suna buɗe Littattafai su ga ko haka ne. Ba a zarge su ba, yabon su aka yi.

2. WATA HANYA DABAM

Samarinmu masu zuwa cin rani Nijeriya suna iya gamuwa da waɗanda ake kira Mormon. Wani Ba'amurke, Joseph Smith, ya ce mala'ika ya nuna masa alluna na zinariya, ya fassara su, aka buga Littafin Mormon a 1830. Mutum 11 sun sa hannu cewa sun ga allunan, amma Smith ya ce ya mayar wa mala'ikan. Yau ba mai iya gwada fassarar da asalinta.

Su ma suna karanta Littafi Mai Tsarki, amma sun ƙara littattafai 3 a kansa, suna kuma da shugaba wanda suke ɗauka annabi ne mai rai. In ka tambaye su shaida, za su ce ka karanta, ka yi addu'a, Ruhu zai tabbatar maka a zuci. Da yawansu mutanen kirki ne, da gaske kuwa suke faɗi. Amma lura: ta wurin abin da suka kira wahayi aka koyar da auren mata da yawa, aka kuma janye shi a 1890. Har zuwa 1978 ba su naɗa baƙar fata a aikin firist. A shekarar nan shugabansu, Spencer Kimball, ya ce ya karɓi sabon wahayi, masu wa'azinsu kuwa suka iso Nijeriya. Tiyar da take girma yau, gobe ta ragu, wa zai auna abincin gidansa da ita? Karanta Galatiyawa 1:8, inda Bulus bai keɓe ko da mala'ika ba.

3. TIYAR DA KOWA ZAI IYA DUBAWA

Littafi Mai Tsarki ba a ɓoye yake ba. Wajen 1947 waɗansu makiyaya suka sami tuluna a cikin kogo kusa da Tekun Gishiri. A ciki akwai littafin annabi Ishaya a kan fata, wanda aka kwafa fiye da shekara 100 kafin haihuwar Almasihu. Da aka gwada shi da kwafin da ya biyo bayansa da shekara wajen 1,000, sai aka tarar saƙon bai sāke ba, yawancin bambancin na rubutu ne kawai. Fatar tana Urushalima har yau. Na Sabon Alkawari kuwa akwai rubuce-rubucen hannu fiye da 5,000 da Helenanci.

Mu ma an kawo mana shi. Masu bishara na SIM sun zauna a Damagaram a 1924, daga baya a Tsibiri kusa da Maraɗi. A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Manomi a Kornaka ko Birnin Lalle yana iya buɗewa ya duba da kansa.

4. YADDA ZA KA YI

In ka yi mafarki, ko wani ya kawo maka saƙo, kada ka yi garaje. Ka fara tambaya, ya yi daidai da abin da ke rubuce? Ruhun da ya hure Littafin ba zai musa kansa ba. Sa'an nan, wa yake ɗaukakawa, Yesu ko mutum? (Yohanna 16:14). Ka kuma kai maganar wurin fasto da dattawan ikilisiya. In ya saɓa wa Maganar Allah, ka bar shi, ko da ya yi maka daɗi.

Maigida, tara iyalinka bayan tuwon dare ku karanta. In ba ka iya karatu ba, sa ɗanka ɗan makaranta ya karanta muku. Wanda ya saba da tiya ta gaskiya, da gani yake gane ta algus.

TAMBAYOYI
1. Don me aka yabi mutanen Biriya?
2. Mafarki da Littafi in sun saɓa, wanne za ka bi?
3. Yaushe rabonku da karatu tare a gida?

Ayar haddacewa: 2 Timoti 3:16-17

ADDU'A: Ya Uba, mun gode maka domin Maganarka. Ka tsare zukatanmu daga ruɗi, ka bishe mu da Ruhunka bisa ga abin da ke rubuce. A cikin sunan Yesu. Amin.