Tsuntsayen Birni da na Daji

Masana sun ƙidaya irin tsuntsaye fiye da 10,000 a duniya, sun kuma kasa su dangi dangi. Tantabara da kurciya dangi ɗaya ne, amma tsakanin kurciya da burtu zumunta ta yi nisa ƙwarai.

In ka shiga tsakiyar birnin Kano, inda gidaje suka cushe, za ka ga tsuntsaye da yawa. Amma in ka lura, tantabaru ne da kurciyoyi da gwarare da hankaki da shirwa. Yawansu bai hana danginsu zama kaɗan ba. Waɗannan su ne masu cin tsaba ko ragowar abincin mutane, suna kuwa iya sheƙa a jikin gini ko bisa 'yar itaciya guda.

To, ina sauran? Zabon daji da fakara a ƙasa suke ƙwai, cikin ciyawa. Cilakowa sai ta sami kogon itace. Gauraka kuwa fadama take so. Da an sare tsofaffin itatuwa, an cike fadama an yi gini, sai su ƙaura. Ta haka gari yakan rasa dangi sukutum, kamar itaciyar da aka datse mata babban reshe.

Saboda haka, yara, ku dasa itatuwa, ku bar tsofaffi su tsaya, kada kuma ku fasa sheƙa.

Tambayoyi
1. Me ya sa fakara ba ta zama tsakiyar birni?
2. Tsuntsaye iri nawa kake gani a unguwarku?